Ƙarar da Ta Yi Ƙaura

Gari bai gama wayewa ba aka tsinci Iya, mahaifiyar mai gidan haya, kwance a bakin ƙofa, tsintsiyarta a gefe, takalminta ɗaya a cikin kwata. Wani mai keke ne ya gangaro daga saman layi ya kwashe ta tana shara, bai ko waiwaya ba. Ƙafarta ta hagu ta karye a ƙasan gwiwa. Dogo mai fenti ne ya fara isowa wurin. Bai jira mota ba, ya goya ta a baya sai asibiti, yana gudu yana haki, mata na bin sa da sa albarka.

Iya ba ta ga kowa ba, idanunta sun daɗe da yin hazo. Amma kunnenta yana nan garau. Kafin a ɗaga ta daga ƙasa ta faɗi magana ɗaya, kowa ya ji.

"Keken nan ne mai ƙwanƙwasa."

A layin kuwa keke ɗaya aka sani da wannan hali, na mai burodi, wanda ke haya a ɗakin kusa da famfo, shi da matarsa da 'ya'yansu. Gidan burodin yana can saman layi, layin kuma gangare ne. Duk safiya idan ya sako keken da kwando a baya sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana buga ƙofar mai nauyin barci. Akwai matan da da ƙarar suke tashi ɗora ruwa.

Da hantsi ya dawo daga rabo, yana fito abinsa, ya tarar da jama'a na jiransa. Aka fizge keken, aka kifa shi, aka juya ƙafar baya. Shiru. Aka sake juyawa, shiru kamar sabo.

"Kun ga munafunci!" in ji mai aski. "Da idona na gan shi a rumfar Injiniya mai gyaran keke ɗazu. Ya je ya rufe bakin keken ke nan."

Mai gidan haya bai tsaya wata tambaya ba. Ya sa aka tura mai burodi cikin ɗakin ajiya aka sa kwaɗo, ya ce da yamma zai miƙa shi ga 'yan sanda. Iyalinsa kuwa kada rana ta faɗi suna gidan.

*

Matar mai burodi auta ce a wurin wani tsoho da ake kira Mai-sawu. A da can, sa'ad da yake ƙauye, idan aka kore wa mutum shanu shi ake nema, ya duƙa ya bi sawu har ƙofar ɓarawo. Da ƙarfi ya ja baya Auta ta dawo da shi gari, ta kama masa ɗan ɗaki a bayan shagon kafinta. Shanu sun ƙare masa, amma duƙawar ba ta bar shi ba. Kullum kansa a ƙasa yake tafiya, har ya fi sanin mutanen layin ta ƙasan takalmansu fiye da ta fuskokinsu. Ya san wanda ke jan ƙafa idan ya dawo daga aiki, ya san kazar da ta rasa yatsa ɗaya, yakan ma tsaya ya gaishe ta.

Ya iso ya tarar an fara fitar da kaya. Gado na tsakar gida da ƙafafunsa sama, tukwane a kife, kayan yara a zube kusa da famfo. Auta na tsaye ta naɗe hannuwa, ko ɗigon hawaye babu a idonta.

"Baba, ba shi ba ne."

"Ke kika gani?"

"Ban gani ba. Amma mutumin da ke sauka daga keke don tururuwa ta wuce, shi zai bar tsohuwa a ƙasa?"

Mai-sawu bai taɓa son surukin nan nasa ba. A ganinsa mutum ne mai sanyin jiki, wanda idan aka ce gobara sai ya fara neman hularsa. Amma ya dubi jikokinsa a rakuɓe jikin bango, ƙaramar na rungume da murfin tukunya kamar shi ma za a ƙwace, sai ya juya wurin mai gidan hayar.

"Ɗan nan, a dakata da fitar da kayan nan."

"Baba, ina ganin girmanka. Kada ka sa baki, uwata ce a kwance."

"Uwarka ce, shi ya sa nake so a kama wanda ya buge ta, ba wanda ya fi kusa da hannu ba. Ka ce zuwa faɗuwar rana, ko? To, ranar tana sama tukuna. Kuma duk wanda ya sa tsintsiya a layin nan yau, ni da shi ne."

Wani daga baya ya ce, "Baba, keke fa ba saniya ba ce!" Aka yi dariya. Mai-sawu bai ɗaga kai ba, ya dubi ƙafar mai maganar kawai.

"Kai da ka sato silifas ɗin wanka har kana da bakin magana?"

Dariyar ta koma kan wancan.

*

A bakin ƙofa babu abin karantawa, jama'a sun tattake wurin. Amma can gaba kaɗan, a jikin bango inda ruwan wanke-wanke ke jiƙa ƙasa, Mai-sawu ya sami abin da yake nema: sawun taya, da tsinken tsintsiya guda a danne cikinsa. Wanda ya taka tsintsiyar Iya shi ya bi ta nan.

Ya durƙusa. Ya ƙura wa sawun ido.

Ya san tayar. Tana da wani ɗan yanka a gefe, wanda ke barin alama kamar ƙaramin jinjirin wata duk sa'ad da ta zagayo. Sau nawa ya ga wannan watan a ƙofar ɗakinsa, idan suruki ya kawo masa burodi ya tafi? Tayar bayan keken mai burodi ce, babu tantama.

Ya duba hagu da dama, babu mai kallonsa. Shafa ɗaya da tafin ƙafa zai ishe shi. Har ya ɗaga ƙafar, sannan ya sauke ta a gefe, ya ja tsaki, ya ci gaba da bi.

Keke idan yana tafiya a miƙe, ƙafar baya na taka sawun ta gaba tana goge shi. Sai a kwana suke rabuwa, kowace ta nuna kanta. A ƙarshen layi, inda mai gudun ya karya kwana zuwa bakin kwalta, sawun ya rabu biyu. Ga watan nan a ɗaya. Ɗayan kuwa, na ƙafar gaba, zanensa sabo ne fil, mai haƙora kamar na zarto. Tayar gaban mai burodi ta suɗe tun bara, sumul take kamar kan mai aski.

Mai-sawu ya zauna a kan dugadugansa ya daɗe. Ya taɓa bin sawun jakin da aka ɗaure wa tsumma a kofato, ya taɓa bin ɓarawon da ya sa takalmi a juye. Amma dabbar da ƙafarta ta baya ta wani ce, ta gaba kuma ta wani, yau ya fara gani. Daga nan kwalta ta haɗiye sawun.

*

Ɗakin ajiya yana da 'yar taga. Ta nan ya hango suruki zaune a kan buhun siminti.

"Kai. Ina ka kai ƙarar kekenka?"

"Baba, sannu da zuwa. Wallahi jiya da yamma Injiniya ya gyara mini. Na bar masa keken, na je na dawo, na tarar ya yi shiru."

"Yau da safe me ya kai ka can?"

"Iska na sha. Tayar gaba ce ta yi laushi."

"Da ka gangaro da burodi, ka ga Iya?"

"Ba ta fito ba tukuna. Ƙofa a rufe take. Na ma yi murna, na ce yau ban tashi kowa ba."

"Da ka karɓi keken jiya, ba ka ga wani abu ya canja ba?"

Mai burodi ya yi tunani, abin da ke ɗaukarsa lokaci. "Na ga kamar ƙafar baya ta yi kyau. Na ɗauka wanke ta ya yi."

"Wanke ta ya yi," in ji Mai-sawu. "Allah ya ba 'yata haƙuri."

Keken yana jingine a tsakar gida inda aka yar da shi. Tsohon ya shafa tayar baya da yatsa har ya zagayo. Babu yanka.

*

Rumfar mai gyaran keke tana bakin kwalta. Shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, har sunan ya bi shi. Rumfar cike take da ƙafafun keke a rataye, sarƙoƙi a cikin gwangwanin baƙin mai, da kwanon ruwan neman huji. Abu ɗaya ne Mai-sawu bai taɓa gani a wurin ba tun zuwansa garin, wato sabon kaya a cikin kwalinsa.

"Injiniya, yaushe ka gyara keken surukina?"

"Kai, Baba, kekuna da yawa. Jiya ne, yau ne, wa zai riƙe? Ya dai zo da safen nan kam."

"Me ke damun keken?"

Nan Injiniya ya saki jiki, don yana son a tambaye shi ilimi. "Firiwil ne, wannan mai haƙoran da sarƙa ke ja a ƙafar baya. 'Ya'yan boris ɗin cikinsa sun zube, sai yake girgiɗi. In kana taka feda sarƙa ta danne shi, ba ya magana. Da ka huta da ƙafa sai ya fara surutu."

"To, sai ka sa masa sabo."

"Ƙwarai."

"Ina tsohon?"

Injiniya ya duƙa yana neman sifana da ke hannunsa. "Na yar."

"Kai? Kai da ke miƙe tsohuwar ƙusa ka ajiye?" Mai-sawu ya zauna a kan benci ba tare da an ce masa ya zauna ba. "Ni a sanina ƙara ba ta mutuwa a rumfar nan. Ƙaura take yi. Akwai wani kukan birki da na sani a keken mai ruwa, ya yi damina guda a can. Ran nan sai na ji shi a keken tela, muryar nan dai, ba ta canja ba. Na ce ikon Allah, kuka ya sami sabon gida. Kekuna nawa suka yini a nan jiya?"

"Baba, ina da aiki."

"Na wa da na wa?"

"Na mai aski ya yini a nan," in ji Injiniya da sauri, "kuma shi ma nasa yana ƙwanƙwasa. Je ka tambaye shi, ka bar ni in nemi abincina."

*

Gaskiya ne, keken mai aski yana ƙwanƙwasa. Mai-sawu ya iske shi yana wasa aska, ya ce ya hau ya zagaya ya gani.

"Ni kake zargi? Ni da na ga mai laifi da idona?"

"Idan ba kai ba ne, hawa keke zai rage ka da wani abu?"

Masu jiran aski suka ce ya hau mana. Ya hau yana ƙunƙuni. Ƙwas. Ƙwas. Duk sa'ad da ƙafarsa ta dama ta sauka sai ƙarar ta fito, a hankali, kamar tsoho mai sara itace. Masu jira suka miƙe tsaye, wani har ya riƙe kariyar keken. Fuskar mai aski ta canja, ya fara rantsuwa da iyayensa.

Mai-sawu ya bar shi ya ɗanɗana na ɗan lokaci, don ya ji yadda abin yake. Sannan ya ce, "Ɗauke ƙafarka daga feda, a tura ka."

Aka tura. Shiru.

"Hannun fedarka ne ya yi sako-sako. Taka ƙarar sai ana takawa take fita, layinmu kuwa gangare ne, babu mai taka feda a cikinsa. Ku sake shi. Amma gobe idan ka ga mutum yana shan iska a taya, ka ce ka ga mutum yana shan iska."

*

Bayan azahar aka dawo da Iya, ƙafa a naɗe da farin filasta. Aka shimfiɗa mata gado a bakin ɗakinta don ta sha iska. Dogo mai fenti na zaune can gefe, mata sun kawo masa abinci kwano biyu, bai taɓa ko ɗaya ba. Aka ce gajiya ce.

Iya sa'ar Mai-sawu ce, ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Tsohuwa, an ce kin tsaya kokawa da keke."

"Kai dai har yau ba ka tsinci abin da ka yar a ƙasa ba? Zauna, kana tare mini iska."

"Yi mini ƙarar yadda kika ji ta."

Ta ƙwanƙwasa ƙarfen gado da zobenta, da sauri-sauri, tana ƙara sauri har ta tsaya cak. "Haka. Ita ce ta yaron nan mai burodi, ba zan ɓata ta ba. Abin da ya ɗaure mini kai, shi yakan buga ƙararrawa tun daga sama ya ce, Iya, ina kwana. Yau ba ƙararrawa, ba gaisuwa. Kuma ban ji ƙamshin burodi ba."

"Bayan ya buge ki fa?"

"Na ji ta ta yi kwana. Daga nan ban sake jin ta ba."

Wannan ya tsaya wa tsohon a rai. Ƙarar da ke tashin layi guda daga barci, a ce ta shiga bakin kwalta, inda masu shaguna ke buɗewa, babu wanda ya ji ta? Ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Babu. Sai ya daina tambayar mutane, ya koma gefen kwalta inda ƙasa ta fara, yana tafe a duƙe kamar mai neman allura.

A bakin wani lungu da ke bi ta bayan shaguna ya ga abin da ya sa shi dariya shi kaɗai. Sawun taya guda ɗaya tak, mai haƙoran zarto, babu na baya. A gefensa sawun mutum, doguwar ƙafa, ta dama ta fi nutsewa. Mutumin ya sauka ne, ya ɗaga ƙafar bayan keken da hannu yana tura shi a kan ta gaba, don kada ya yi magana. Kamar uwa ta toshe bakin ɗa a gaban baƙi.

Sawun ya tsaya a ƙofar bayan wani sabon shago da ba a buɗe ba tukuna. An sa kwaɗo. Ta ƙasan ƙofar warin sabon fenti ke fitowa. Daga nan sawun ƙafar ya juya shi kaɗai, da gudu, ya koma wajen layi.

*

Rana ta yi ƙasa sa'ad da ya dawo. Tsakar gida ta cika, an fito da mai burodi ana riƙe da shi, mai gida ya sa hula zai tafi ofishin 'yan sanda. Mai-sawu ya shigo yana jan Injiniya da hannun riga, mai aski na biye don kada a yi ba shi.

"Baba, lokaci ya yi," in ji mai gida.

"Bai yi ba, ina ganin inuwata. Sabon shagon nan na bayan layi, na wane ne?"

"Nawa ne. Me ya haɗa shi da wannan?"

"Aika a buɗe ƙofar baya. Abin da aka samu a ciki a kawo shi nan, a ɗauke, kada a tura."

"Makullin yana wurin Dogo, shi ke mini fenti."

Dogo ya shafa aljihu ya ce kamar ya faɗi a hanyar asibiti. Mai gida ya ce yana da wani a ɗaki. Ya dubi tsohon kamar zai ƙi, sai Iya ta ce daga kan gadonta, "Ba shi. Ni ma ina son in gani."

Ba a jima ba samari biyu suka shigo ɗauke da baƙin keke, da ɗigon farin fenti a kariyarsa. Kowa ya san keken Dogo ne. Mai-sawu ya sa aka kifa shi a gaban Iya, ya kama feda ya juya da ƙarfi, sannan ya saki.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas-ƙwas.

Iya ta karkato da kunne.

"Ita ce," in ji Iya.

"Ita ce," in ji Mai-sawu. "Ƙarar ta surukina ce, ƙafar bayan nan ma tasa ce, ga yankan da na sani. Amma keken ba nasa ba ne. Injiniya, ka faɗa da bakinka, ko in faɗa da nawa? Nawa ya fi tsawo."

Injiniya ya share gumi da tsumman giris, ya bar baƙi a goshinsa. "Jiya kekunan biyu suna wurina. Iri ɗaya ne, girma ɗaya. Dogo birki ya kawo. Mai burodi ya dame ni da maganar ƙara, sai na... na musanya musu ƙafar baya. Na ce in Dogo ya dawo da ƙorafi sai in san inda zan kai ta."

"Inda za ka kai ta!" in ji mai aski. Ya ruga ya duba kekensa da ke bakin ƙofa, ya dawo yana ihu. "Wannan fedar ba tawa ba ce! Tawa mai jan roba ce!"

"Tana keken mai ruwa," in ji Mai-sawu. "Sirdin mai ruwa kuma yana wurin tela. Duk layin nan keke ɗaya kuke hawa, ba ku sani ba. Wannan ku yi da shi daga baya."

Ya juya wurin Dogo. Dogon mutumin ya zame daga kan benci ya durƙusa, ya rufe fuska da manyan hannuwansa.

"Birkin bai kama ba," ya ce. "Na matsa, na matsa, bai kama ba. Na ji na buge mutum, tsoro ya kwashe ni. Da na ajiye keken sai na ji ba zan iya ba, na dawo da gudu. Na so in faɗa, Iya, wallahi na so. Sai na ji ana ta sa mini albarka, ana kiran sunan wani. Bakina ya yi nauyi."

"Albarka ta yi maka daɗi," in ji Auta, "'ya'yana kuma su kwana a titi."

Mai gida ya yi kan Dogo, aka riƙe shi. Yana ta faɗin 'yan sanda, 'yan sanda, har Iya ta buga ƙarfen gado.

"Ƙafar wa aka karya, tawa ko taka? Zauna." Ta juya fuskarta wajen da take jin kukan Dogo. "Da ka goya ni, ina jin zuciyarka tana dukan ƙirjina ta bayanka. Na ce, kai, ashe na yi nauyi haka. Karya ni da ka yi tsautsayi ne, da kai da wancan mai musanyar. Amma yinin da ka yi a nan kana kallon ana jan yaron mutane, wannan ba birki ba ne. Ka tashi daga gabana. Zan yi tunanin abin da zan yi da kai, kuma ba yau zan gama ba."

Aka saki mai burodi. Ya tsaya yana murza wuyan hannu, ya dubi surukinsa.

"Baba, to ƙafar keken nawa, zan karɓo ta ne ko in bar wannan?"

Mai-sawu ya girgiza kai. "Ka ga abin da nake faɗa miki?" ya ce wa Auta.

*

Mai gida ya cire hula ya mayar, ya yi gyaran murya. Ya ce to, abin da ya faru ya faru, kowa ya san zafin uwa, su mayar da kayansu ɗaki, magana ta wuce. Jama'a suka fara zamewa wajen ƙofa.

Auta ta riga su. Ta ja akwatinta ta ajiye a bakin ƙofar gidan, ta zauna a kai, ta ɗora ƙaramar 'yarta a cinya.

"Ba ni na fitar ba, ba ni zan mayar ba. Ko cokali ba zan ɗaga ba. Kowa ya san abin da ya ɗauka."

"Haba, Auta, ai an ba ku haƙuri," in ji wata maƙwabciya.

"Wa ya bayar? Ban ji ba. Ke ce kika kwaso tukwanena, Yaya, har kina cewa ashe ba na wanke gindinsu. Ga su can."

Mijinta ya duƙa zai ɗauki tabarma, ta ce, "Ajiye." Ya ajiye.

Aka tsaya ana kallon juna. Wani ya ce shi bai taɓa komai ba, kallo kawai ya zo yi. Mai-sawu ya sunkuya yana duban ƙasar tsakar gida, hannuwansa a baya.

"In akwai wanda ya manta, zan tuna masa. Kai ka fito da buhun gawayi, ka huta sau ɗaya a nan. Mai aski, madubi da kujera. Gadon kuwa mutum ɗaya ne ya jawo shi, mai takalmi sau-ciki, sabon dunduniya."

Duk gidan mutum ɗaya ke sa irin wannan takalmin. Mai gida ya dubi ƙafarsa, ya dubi uwarsa.

"Me kake kallona?" in ji Iya. "Ni ba na gani, amma ban ji an ja gado ba tukuna."

Maƙwabciyar ce ta fara, ta tattara tukwane tana magana ƙasa-ƙasa. Mai aski ya rungumi madubi. Ɗaya bayan ɗaya kaya suka kama hanyar komawa. Mai gida ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a igiyar shanya, ya kama gadon ƙarfen shi kaɗai, don babu wanda ya yi tayin taya shi. Ya ja, ya karkata shi, ya buga gwiwa a bakin ƙofa, da ƙyar ya shigar. Ya jingina shi a bangon farko da ya samu, ya fito yana haki, gumi har cikin ido.

Auta ta leƙa daga inda take zaune.

"Ba nan yake ba," ta ce. "Jikin taga."